Sai Fanka Ta Tashi Sau Biyu

Jar mota ce mai ƙofa biyu,
ƙasa-ƙasa kamar damo,
sai dai ba ta gaji haƙurinsa ba.
Daga Kwatano a bayan tirela ta zo,
ramukan hanya ba sa'o'inta ba ne.

Jiya na canza mata famfon ruwa da tiyo biyu,
na ɗura koren ruwa har wuya.
Almu yana tsaye a kaina yana kaɗa makulli,
na rufe, ya biya, ya fizga.
Bai kai Tibiri ba allura ta hau ja.
Ya dawo yana huci, ita ma tana huci.

Na ce laifina ne.
Iska na kulle a ciki.
Ya ce, iska?
Abin da ba shi da nauyin ƙwayar gero
shi zai tsayar da dawaki ɗari uku?

Nomau, kawo jak, ɗaga mata gaba,
hancinta ya kalli saman dogon yaro.
Kafa mazurari a bakin lagireto.
Ga wani ɗan noti can bayan inji,
inda hannu ba ya shiga sai ya bar fata.
Na sassauta shi rabin juyi.

Shiga ka tashe ta, ka murɗa hita har ƙarshe.
Hita, maigida? A bazara? A Maraɗi?
Mai shayin tsallake ya ajiye buta don dariya.
Yaro ya zauna a kujerar fata
yana dahuwa kamar wake a tukunya,
tafin hannu a bakin ramin iska:
har yanzu sanyi, maigida.

To, ba ta kai ba.

Na kama tiyon sama ina matsawa
yadda ake tatsar akuya mai gardama.
Ɓul.
Ƙwaya ɗaya ta taso a mazurari, ta fashe.
Shiru.
Ɓul, ɓul.
Ruwa ya sauka yatsa biyu, na ƙara.

Akwai ɗan ƙyaure cikin inji
da ba ya buɗewa sai zafi ya kai masa.
Makanikan garin nan cire shi suke su yar.
Ni jira nake.

Almu ya gaji da tsayuwa, ya zauna kan tsohuwar taya.
Ya ce, kuɗin aya ne.
Ban ɗago ba.
Buhu ɗari huɗu na Baba, na kai Jibiya.
Ɓul.
Yana zaton kuɗin na hannun dillali.
Ɓul.
A gidan abokina take kwana, can Zariya,
wata biyu ke nan ban ci tuwo ya zauna ba.

Tiyon ƙasa ya yi ɗumi a hannuna.
Ƙyaure ya buɗe.
Ruwan mazurari ya zurma gaba ɗaya,
ya dawo da kumfa jere-jere
kamar carbi ya tsinke.
Noti ya yi tsaki, ya tofa, ya yi tsaki,
sannan ya miƙe da zare ɗaya, kore, ba yankewa.
Na ɗaure.

Zafi, maigida! Zafi!
Fito ka sha iska, Nomau.

Fanka ta tashi, ta kwanta.
Almu ya miƙe yana kakkaɓe wando.
Na ce zauna, ɗaya ke nan.
Aka kira la'asar a masallacin tasha,
muna kallon ruwa, ruwa na kallonmu.
Ta sake tashi.

Allura na tsakiya, ba ta motsi.
Ya zaro jaka biyar, na ce mayar, gyaran kuskurena ne.
Gobe da sassafe ka kawo ta kafin ta yi zafi,
mu buɗe mu duba.
Takan rage ɗaya a wani lungu,
sai an kwana take fitowa.